Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Kwamishinan Lafiya na Jihar Kano: a bi mai tarin fuka har gida

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, mun rubuto ne a kan mutanen da ƙwayar tarin fuka ke kwance a jikinsu. Ba sa tari, ba sa yaɗa ta, amma tana nan. A 1999 an ƙiyasta kashi ɗaya cikin uku na mutanen duniya na ɗauke da ita. Ƙiyasin 2016 ya ce kashi 23 cikin 100 ne, wajen mutum biliyan 1.7, akasarinsu a Asiya da Afirka. Adadin na raguwa, sai dai tafiyar hawainiya yake yi, kuma duk Afirka Najeriya ce kan gaba a yawan masu cutar.

Cikin mutum 100 masu ɗauke da ƙwayar, 5 zuwa 10 za ta tasar musu, galibi a shekara biyun farko. Yara 'yan ƙasa da shekara biyar da masu HIV sun fi shiga haɗari. A dubi gidajen cikin gari da Fagge da Kurna: ɗaki ɗaya mutum shida, taga ƙarama, ita ma a toshe ta da tsumma lokacin hunturu. Magidanci ya karɓo maganinsa a Asibitin Zana, amma idan ba a waiwayi matarsa da 'ya'yansa ba, aikin rabi aka yi.

Hanyar a bayyane take. A je gidan, a tambayi kowa: tari, zazzaɓi, gumin dare, rama. Mai alama a yi masa gwajin majina da hoton ƙirji, domin ba wa wanda cutar ta riga ta tasar wa maganin rigakafi kuskure ne babba. Ba zai warke ba, ƙwayar kuma tana iya bijire wa magani. Wanda ba shi da alama a ɗora shi a kan maganin rigakafi, wato isoniazid da rifapentine, sau ɗaya a mako, mako 12. Ƙananan yara akwai wanda ake narka musu a ruwa kullum, wata uku.

Inda ake samun cikas shi ne bayani. Maganin yana mayar da fitsari ja, uwa ta gani ta tsorata ta daina bai wa ɗanta, alhali wannan ba komai ba ne. Abin gudu shi ne idanu su yi ɗorawa ko amai ya ƙi tsayawa, nan a dakata a garzaya asibiti. Yana kuma rage ƙarfin maganin tazarar haihuwa, dole a faɗa wa mata.

Ranka ya daɗe, muna roƙon a ware kuɗin mota da katin waya ga ma'aikatan da ke bin gidaje, a tabbatar maganin bai yanke ba a ƙananan hukumomi 44, a kuma sa masu unguwanni da limamai su yi wa ma'aikatan iso, don ƙofar gida ta buɗe musu ba tare da tsangwama ba.

Mun gode, Allah ya yi jagora.

Ma'aikatan lafiya masu kula da tarin fuka,
Kano.