Wasiƙar Babbar Sallah zuwa ga Baba

Birmingham, Ingila
Daren Babbar Sallah

Assalamu alaikum Baba,

Bayan gaisuwa ta ladabi da biyayya, ina fatan kun yi Sallah lafiya, ku da Inna da dukkan mutanen gida. Barka da Sallah, Allah ya karɓi ibada, ya maimaita mana. Na san Auta ce za ta karanta muku takardar nan saboda matsalar idon. Auta, ki bi ta a hankali, kada ki tsallake ko layi ɗaya, har wurin da na faɗi laifina.

Mu ma mun sauko idi lafiya. A filin Small Heath muka yi, a kan ciyawa, jama'a ba masaka tsinke, 'yan Pakistan da Somaliya da Yaman, sai mu 'yan tsiraru muna leƙen fuskokin juna. Ana shafa addu'a na wuce wurin aiki, don Sallah ba ranar hutu ba ce a ƙasar nan. Ba algaita, ba dawakai suna dawowa daga Ƙofar Doka, ba ƙaurin babbaka. Doka ma ba ta yarda mutum ya kayar da ragonsa a ƙofar gida ba. Kuɗi za ka ba mahauci, a yanka a mayanka mai lasisi, daga baya ka je ka karɓo namanka a leda.

Amma ba kewar Zariya ce ta hana ni barci ba. Yaya ya gaya mini a waya cewa da aka kwantar da rago yau, hannunku ya ɗauki rawa, kuka miƙa masa wuƙar, kuka koma zaure kuna cewa, "Ni yanzu ai na zama hoto." Tun da na ji maganar nan take tsaye mini a ƙirji.

Baba, ban taɓa yi muku bayanin aikina yadda yake ba. A gidan kula da tsofaffi nake. Ni ke yi musu wanka, in canza musu kaya, in ba su abinci a baki, in juya wanda ba ya iya juyawa don kada kwanciya ta ci masa baya. Gaskiya ɗaya ce, wajen kula da jiki sun yi mana nisa. Ɗaki da ɗumi a tsakiyar hunturu, magani kan lokaci, fansho yana shiga asusu ba tare da dattijo ya bi layi ba. Wanda ke da sauran ƙarfi kuma, bas kyauta yake hawa.

Duk da haka akwai abin da ke cin su, kuma ba ya jin magani. Kaɗaici ya yi wa mutanen ƙasar nan yawa har a shekarar 2018 gwamnati ta naɗa minista ta musamman a kan lamarin. Akwai tsohuwar da kullum da la'asar sai ta sa an taje mata kai, an zaunar da ita kusa da taga, ko wani zai zo. Yawanci ba mai zuwa. Da farko ina zagin 'ya'yansu a zuciyata. Yanzu na rage, don na ga wasu nesa suke aiki, wasu kuma ciwon mantuwa ya kai iyayensu matakin da mutum ɗaya ba zai iya da su dare da rana ba. Ni kaina da nake maganar, ina nawa iyayen? Na baro su, na zo ina wanke iyayen wasu.

Akwai wani dattijo da nake so in ba ku labarinsa. Kusan duk ƙuruciyarsa a masana'antar motoci ta Longbridge ya ƙarar da ita, wadda ta durƙushe a 2005 dubban mutane suka rasa aiki. Watanni na yi ina hidimarsa, ba ya ce mini komai sai "na gode". Abinci ma sai an yi ta lallashi. Ran nan na shigo a makare, nake ba shi haƙuri, na ce tsohuwar motata ce ke wani irin ƙara idan na karya kwana. Sai ya ɗago kai. Ya tambaye ni dama ko hagu, da sanyin safiya ko bayan inji ya yi zafi. Na tura shi a kekensa har wurin ajiye motoci, ya sa na murɗe sitiyari na ja a hankali, ya kasa kunne, ya faɗi abin da ya lalace. Da na kai wa makanike, shi ɗin ne. Baba, ranar mutumin nan ya cinye abincinsa tas, ya ce a aske masa gemu. An shekara ana yi masa komai, amma ba wanda ya nemi komai a wurinsa.

Mukan yi alfahari cewa mu ba ma kai iyayenmu gidan gajiyayyu, kuma alhamdu lillahi da hakan. Sai dai mu ma akwai gyara a lamarinmu. Ban manta ranar da na raka ku tantance 'yan fansho ba. Tun bayan asuba kuke kan layi da takardu a leda, wani abokin aikinku ya yanke jiki ya faɗi a rana, yaron da ke rubuta sunaye kuwa, wanda bai wuce sa'an jikanku ba, yana daka wa masu furfura tsawa. Ku da kuka ɗauki alli tun 1976 da aka fara shirin ilimin firamare kyauta, ba ku ajiye ba sai 2011, shekara 35 cif. Ga tsofaffin mata da ke bara a bakin danja, kowace da dangi a wani wuri. Ga tsohuwar da idan yaro ya yi zazzaɓi a unguwa, ita ake nuna wa yatsa da maita don ba ta da mai tsaya mata. An sa hannu kan dokar kafa cibiyar kula da dattawa ta ƙasa a 2018, amma dattijon da ke zaune a lungunmu bai san da zamanta ba.

Ko a gidajen da ake girmama tsoho, akwai wani girmamawar da ke ajiye mutum gefe. A durƙusa a gaishe shi, a kai masa akushi mafi kyau, sannan a koma ɗaki a yanke shawara ba da shi ba, wai kada a dame shi. Nan ne laifina yake. Bana kuɗin rago kai tsaye na tura wa Yaya, muka zaɓa ta hoton waya, ba mu ce muku uffan ba, alhali duk gidanmu ba wanda ya kai ku sanin dabba, ku da ke buɗe bakin rago ku faɗi shekarunsa. Haka muka yi a gyaran katanga, haka a maganar makarantar Auta. Mun ɗauka hutar da ku muke yi. Tun kafin hannu ya yi rawa mu muka fara karɓe wuƙar. Ku yafe mini, Baba.

A huɗubar yau liman ya kawo ƙissar Annabi Ibrahim, alaihis salam, sai na tuna yadda kuke koya mana ita a kan tabarma bayan magariba. Da tsufansa Allah ya ba shi Isma'ila, da tsufansa aka jarraba shi da babbar jarrabawa, kuma shi da ɗansa suka ɗaga ginin Ka'aba. Layyar da duniya ta yi yau, aikin dattijo ake tunawa. Ku ne kuma kuka nuna mana cewa ya halatta mutum ya wakilta wani ya yanka masa. Yaya ya riƙe wuƙa, amma layyar taku ce.

Wa ya san iyakar gonarmu ta gado in ba ku ba? Wa zai zauna gobe ya ce wannan cinyar ta gidan Goggo ce, wannan kason na marayun bayan masallaci ne, ba a manta kowa ba? Mutum nawa ne a Tudun Wada suka fara riƙe fensir a hannunku, yau suna sauka daga mota su gaishe ku da "Malam"?

Don haka ina da roƙo. 'Ya'yana biyu da ke nan Hausarsu ta fara karyewa, babban ma bai san sunan kakan kakansa ba. Ina so duk Juma'a bayan la'asar ku zauna da su ta waya, ku ɗora musu karatu kamar yadda kuka ɗora mana, ku ba su labarin inda muka fito. Yanzu agogonmu ɗaya da naku, sai ƙarshen Oktoba za mu koma baya da awa ɗaya. Auta ta riƙa naɗar muryar tana ajiyewa. Ba don in faranta muku rai na faɗa ba, ni na kasa, kuma ba ni da wanda zan kai wa kukana sai ku.

Maganar aikin yanar ido kuwa, na tanadi kuɗin, amma ba zan tura wa kowa ba sai kun faɗi asibitin da hankalinku ya kwanta da shi da lokacin da kuke so, ko Kaduna ko Kano. Akwai kuma wani fili da aka yi mini tayinsa, ban ce komai ba tukuna, ina jiran ku je ku taka shi da ƙafarku.

A gaishe mini da Inna, a ce ta ajiye mini soyayyen nama a cikin kitse, akwai mai tahowa ƙarshen wata. Ina gaida Yaya da iyalinsa, da Goggo, da Kawu, da Liman. Goron Sallar yara yana wurin Auta, amma ku za ku raba. Zan kira gobe bayan azahar idan na tashi daga aiki.

Ɗanku mai neman albarkarku.