Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga Alhajin Garwa: shin teɓa rubutacciya ce tun a cikin uwa?

Assalamu alaikum, Alhaji. Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana.

Tambayar da ka yi a filin lafiya na rediyo ta iso mana, mu ma'aikatan asibiti da na ɗakin gwaji a nan Garwa. Ka ce ɗanka ya karanta maka cewa masana sun gano wani tambari a kan ƙwayoyin gado mai alaƙa da teɓa. Sai ka tambaya: ashe tumbin nan rubutacce ne tun a cikin uwa, wahalar banza ake sha da rage tuwo? Akwai gwajinsa? Akwai maganinsa?

Tambarin gaskiya ne, ranka ya daɗe. Sai dai a yawancin wuraren da aka duba, teɓar ce ta kawo shi, ba shi ya kawo ta ba.

Saƙon gado da ke cikin ƙwayoyin jiki, wato DNA, rubutu ne da baƙaƙe huɗu: A, C, G da T. Inda C ta zo G na biye da ita, jiki kan liƙa mata wani ɗan sinadari da ake kira metil, shi ne tambarin da ake magana. Irin waɗannan gurabe sun kai miliyan 28 a rubutun gadon ɗan Adam. Wanda ya iya ajami zai gane da wuri: baƙi yana nan yadda yake, wasali ne ya canza, karatu kuwa wasali yake bi. Idan metil ya taru a bakin ƙofar wata ƙwayar gado, galibi sai ta daina aiki, kamar baƙin da aka yi wa ɗauri. Akwai sinadaran da ke liƙa shi, su ne DNMT, akwai masu goge shi, su ne TET. Kayan haɗa shi kuma daga abinci suke: folet na ganye da wake, bitamin B12 na kifi da nama da nono, da kolin na ƙwai.

A 2017 an wallafa binciken jinin mutum fiye da 10,000, aka samu gurabe 187 da metil ɗinsu ke tafiya da ƙiba. Daga cikinsu akwai na ƙwayar gadon CPT1A, mai shigar da kitse murhun ƙwaya don a ƙona shi, da ABCG1, mai fitar da kolestarol. A shekarar nan dai binciken RODAM a kan mutanen Ghana, na gida da na Turai, ya sake cin karo da CPT1A a awon ƙugu, ka ga ke nan ba na Bature kaɗai ba ne. To wa ya riga wani? Masu binciken farko sun bi ta kan baƙaƙen da aka haifi mutum da su, tunda su ba sa canzawa. Waɗanda suka gaji baƙaƙen da ke ƙara metil a guraben nan galibi ba su fi kowa ƙiba ba, amma waɗanda suka gaji baƙaƙen ƙiba sun nuna tambarin. Sawun giwa ne, ba giwar ba.

Maganarka ta cikin uwa kuwa tana da tushe. A Holan an yi yunwar yaƙi a hunturun 1944 zuwa 1945. Waɗanda aka ɗauki cikinsu a lokacin, bayan shekara sittin an same su da ƙarancin metil a ƙwayar gadon girma ta IGF2 in aka kwatanta da 'yan'uwansu na jini. A Keneba ta Gambiya an ga tambarin yaro yana bambanta gwargwadon lokacin da aka ɗauki cikinsa, damina ko rani, saboda abin da uwa ke samu ta ci ya bambanta. Mu da muka san yadda rumbu ke komawa a watan Agusta daga Marwa zuwa Kuseri, wannan ba labarin nesa ba ne. Amma bambancin 'yan kaso ne cikin ɗari. Yana karkata jiki ne kawai, sai suga da zaman shago su ƙarasa aikin.

Gwajin na masu bincike ne, ba na asibiti ba. Ana ɗebo DNA daga jini, a jiƙa shi da sinadarin baisalfait wanda ke sauya duk C marar metil, a karanta gurabe wajen 850,000 da na'ura. Matsalarsa, fararen ƙwayoyin jini ake karantawa, ba kitsen ciki ba. Zazzaɓin cizon sauro kaɗai yana sauya yawan nau'o'in ƙwayoyin nan, sakamako ya birkice. Taba ma tana barin nata tambarin. Babu kuma wani magani da aka amince da shi don goge tambarin teɓa. Wanda ya tallata maka shi, aljihunka ya hango. Ƙwayar folik ta mikirogiram 400 da ake ba mata kafin ciki da farkonsa don kare laka da kwanyar jariri ce, ba ta rage tumbin kowa.

Awon da ya fi amfane ka yana hannun telan unguwa. Ka ari tef ɗinsa, ka tsaya da safe kafin karin kumallo, ka ɗage riga. Laluba haƙarƙarin ƙarshe, laluba saman ƙashin ƙugu, ka zagaya tef a tsakiyarsu, ya kwanta daidai gaba da baya, ya taɓa fata ba tare da ya nutse ba. Ka fitar da numfashi yadda ka saba, sannan a karanta. A auna sau biyu. Inda ake kuskure shi ne awo a kan babbar riga, ko tsuke ciki, ko bin mazugin wando da teɓa ta riga ta tura ƙasa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗari yana farawa daga santimita 94 ga namiji, 80 ga mace, ya tsananta daga 102 da 88. A jikin Turawa aka fitar da alƙaluman, don haka ka haɗa da wannan: kada ƙugu ya kai rabin tsayi. Mai tsayin 170 ya tsaya ƙasa da 85. Dalilin damuwar shi ne kitsen da ke kewaye da hanji yana zuba kai tsaye cikin hanta ta jijiya, ya hana insulin aiki, daga nan sai ciwon suga da hawan jini. In ka haura awon, a duba hawan jini da suga kafin ka ci komai, suga giram 1.26 a litar jini ko sama, in an maimaita an samu haka, ciwon suga ne.

Ba kowane babban ciki ne teɓa ba. Ciki mai tauri da sheƙi ga mutumin da hannuwansa ke ramewa yana iya zama ruwa daga ciwon hanta, ko daga tsutsar ruwa irin ta masu wanka da kamun kifi a Lagdo. Wannan na hoton ciki ne. Ƙwayoyin ƙiba na kasuwa masu deksametazon kuma su ke kumbura fuska da ciki su bar ƙafafu sirara. Wanda ya daɗe yana sha kada ya yanke rana ɗaya, likita ne zai rage masa a hankali.

Game da wahalar banza: a Suwidin, a 2013, an yanko ɗan kitsen maza 23 kafin da bayan wata shida na motsa jiki, aka ga metil ya sauya a dubban ƙwayoyin gado, ƙugunsu kuma ya ragu. Tafiya mai sauri ta minti 30, kwana biyar a mako, bayan asuba ko bayan la'asar saboda zafin Garwa, ta cika minti 150 da ake so. Lemon kwalba mai gas na santilita 33 yana ɗauke da suga wajen giram 35, shayin majalisa kuwa kai ka san cokali nawa ake zuba masa. Ka fara da waɗannan biyun kafin ka taɓa tuwon masakwa, ka ƙara miyar zogale ko rama, ka rubuta awon ƙugunka a farkon kowane wata.

Wassalam. A gaida iyali, da yaron da ya karanta maka labarin.