Na Karɓe Jakar Kwalliyar 'Yar Mijina, Tun Ranar Ta Daina Kirana Umma

Assalamu alaikum Hajiya,

Da fatan kina lafiya, ke da iyali da abokan aikinki. Ya aiki, ya kuma sanyin nan namu na Jos? Ni mai sauraron shirinki ce, duk ranar da ake sa shi ina kan keken ɗinki, rediyo na bakin taga. Ban taɓa kawowa a raina cewa wata rana ni ma zan rubuto ba. Don Allah a sakaya sunana, domin surukata ma ba ta barin shirin ya wuce ta.

Ina zaune a Anguwan Rogo, sana'ata ɗinki. Na shigo gidan mijina a 2016, na tarar da 'yarsa tana da shekara 4, bayan sun rabu da mahaifiyarta. Ni ke yi mata wanka da kitso, ni na kai ta makaranta ranar farko, ni na kwana a zaune da ita lokacin da ta yi ƙyanda. Allah ya ba ni maza biyu, bai ba ni mace ba, saboda haka ita ce 'ya mace a wurina. Umma take kirana tun tana ƙarama, kuma ba wanda ya sa ta. Yanzu shekararta 13, tana aji 2 na ƙaramar sakandare. Babanta direba ne, yana ɗaukar kayan gwari daga Farin Gada zuwa kudu, wani zubin sai ya yi kwana goma bai kwana a gida ba. Tarbiyyarta a hannuna take.

Mahaifiyarta ta yi aure a Abuja, kuma kowane dogon hutu yarinyar tana zuwa wurinta. A hutun da ya wuce ta dawo mana da wata jaka mai zif, cike da kayan kwalliya: fankeke, hoda kala uku, jan baki, jagira, gazal, man leɓe mai ƙyalli, har da gashin ido na mannawa da gam ɗinsa. Raina bai so ba, amma na ce kyautar uwa ce, ba ni da hurumin rainawa. Na ce mata ta adana sai Sallah ko biki. Ta ce to.

Ashe to ɗin a baki ya tsaya. Na fara lura tana daɗewa a gaban madubi kafin ta fita, ita da a da sai na yi da gaske take shafa ko basilin a wannan hunturun. Wayata da take karɓa da sunan aikin makaranta, ashe jan gira take koyo a TikTok. Malamarsu ta Islamiyya ta aiko mini cewa ta ga jan baki a jakar littattafanta. Duk wannan na daure, na yi ta yi mata hannunka mai sanda. Abin da ya tayar mini da hankali ya faru ne wata ranar Asabar da yamma. Na aike ta sayen zare, sai na tuna ban faɗa mata kalar ba, na yafa mayafi na bi bayanta. Daga nesa na ji samarin da ke zama a bakin shagon cajin waya, ɗaya ya ce mata "'yan mata", wani ya ce "amarya, ba gaisuwa?" Cikinsu akwai mai gemu, wallahi ya kusa haihuwarta. Ita kuwa ta sunkuyar da kai tana murmushi, kamar an ba ta kyauta.

Hajiya, dole in gaya miki dalilin da ya sa ƙafafuna suka yi sanyi a wurin. Ina da shekara 9 aka fara ɗora mini tire. Dafaffiyar gyaɗa nake kaiwa bakin kasuwar Taminus, tun kafin gobarar 2002 ta cinye ta. Kowace safiya Innarmu, Allah ya jiƙanta, takan zaunar da ni ta zizara mini kwalli, ta shafa mini hoda, ta yi mini ɗige-ɗige a goshi da kumatu, ta goga mini jan baki. Ba da mugunta take yi ba, haka ake yi wa kowace 'yar talla, ana cewa mai kwalliya ta fi saurin sayarwa. Kuma ana sayarwar. Amma ni na san maganganun da na ji daga bakin sa'o'in babana. Na san masu riƙe kuɗin gyaɗa su ce sai kin matso kusa, na san masu kama hannu. Allah ya tsare ni, sai dai ba duk ƙawayena na talla ne suka fita lafiya ba. A lokacin ni ma murmushi nake yi, don ban san abin da ake nufi ba. Murmushin nan na gani a fuskar yarinyata.

Da muka koma gida ban yi shawara da kowa ba. Na shiga ɗakinta na tattara komai na zuba a jakar, na kulle a akwatina. Na yi faɗa, na kuma faɗi maganganu masu zafi, har na ce mata so take ta zama 'yar iska. Wannan kalmar ina nadamarta har yau. Ta tsaya a bakin ƙofa tana kallona, hawaye na zuba, ta ce, "Mamana ce ta saya mini. Ke ai ba ke kika haife ni ba." Washegari da safe ta durƙusa kamar kullum, amma sai ta ce, "Anti, ina kwana." Yau mako biyar ke nan. Ba ta yi mini rashin kunya, duk aikin da na sa ta tana yi, amma Anti nake.

Bayan kwana huɗu da wannan, ina kakkaɓe katifarta sai ga wata 'yar roba, babu suna, babu lambar NAFDAC, da wani mai ruwan ɗorawa a ciki. Na kai wa maƙwabciyata ma'aikaciyar jinya. Tana buɗewa ta ce haɗin bilicin ne. Ta yi mini bayani cewa irin wannan haɗin sau da yawa ana matse man tub ne a ciki, wanda maganin ciwon fata ne mai ƙarfi, idan aka daɗe ana shafawa fata na yin siriri, jijiyoyi su fito, ƙuraje su feso, rauni ya ƙi warkewa da wuri. Ta ce wasu ma akwai sinadarin zaiba a ciki, mai taɓa ƙoda. Sai a lokacin na tuna na ga fuskarta ta ɗan fi wuyanta haske, na ɗauka hoda ce. A nan ne ma maƙwabciyar tawa ta gaya mini abin da ban taɓa ji ba, wai shi kansa kwallin dutse da muke sa wa jarirai, wani akwai dalma a cikinsa, gubar nan da ta kashe yara a Zamfara a 2010. Ni da na sa wa 'ya'yana duka tun ranar suna.

Daren nan na zaunar da yarinyar, ban ɗaga murya ba. Da ƙyar ta buɗe baki. Wata 'yar ajinsu ce ta sayar mata, da kuɗin tara da take tarawa. Na ce me ya sa? Sai ta ce a Abuja duk baƙuwar da ta shigo gidan sai ta ce wa mamanta, "Wannan 'yarki ce? Ai ba ta ɗauko haskenki ba." Ƙannenta na can farare ne, ita kuwa babanta ta biyo, baƙa ce mai kyau, mai fararen idanu da wushirya. Ta ce idan ta shafa fankeke a hoto ba a gane bambancinsu sosai. Hajiya, na yi kuka bayan ta fita. Ni ina can ina tsoron samarin bakin titi, ashe yarinyar nan so take ta yi kama da uwarta.

Yanzu kowa a gidan nan da nasa lissafin. Babanta da ya dawo ya ce in ƙona jakar, ba ita ba kwalliya sai ranar da za a kai ta ɗakin miji, ya kuma hau mota ya bar ni da ita. Surukata ta ce ina takura wa yarinya, ita tana da 14 aka yi mata aure, kuma wace 'ya mace ce ba ta ado? Mahaifiyarta ta kira ni a waya, cikin ladabi dai, amma ta ce abin da ta saya wa 'yarta da kuɗinta bai kamata a kulle ba tare da an tambaye ta ba. A nan ina ganin tana da gaskiya. Ban gaya mata zancen man ba, don ban san yadda zan faɗa ba tare da ta ji kamar ina ɗora laifi a gidanta ba. Na je wurin Malamar Islamiyya, ta ce ado a kansa ba haramun ba ne, kwallin ismidi ma ya zo a hadisi, kuma aya ta 31 a Suratun Nur ta bayyana waɗanda mace za ta nuna wa adonta. Ta ce a tsare ta daga fita da shi, a kuma hana ta aske gira. Amma ba ta ba ni adadin shekaru ba. Dokar ƙasa kuma, kamar yadda nake ji a shirinki, duk wanda bai kai 18 ba yaro ne.

Ni a nawa ganin, kwalli da man leɓe da lalle ba su da shekaru, da su muka tashi. Hoda da ɗan jan baki a cikin gida ko a taron mata, ina ganin daga 15 ba laifi. Fankeke da gashin ido kuwa, na fi so ta gama sakandare. Bilicin dai ko tana da shekara 40 ba zan yarda ba muddin ina numfashi. To amma wannan ra'ayina ne, kuma ina tsoron kada ya zama tsoron tallata ne nake ɗora wa yarinyar da ba ta taɓa ɗaukar tire ba. Shi ya sa nake tambayarki, ke da kike jin matsalolin gidaje da yawa: shekara nawa ya dace yarinya ta fara kwalliya irin ta manya? Kuma a gida irin namu, wa ke da ikon yanke wannan, wadda ta haifa ko wadda take riƙo? Idan na sassauta a ce matar uba ce, ba ta damu yarinya ta lalace ba. Idan na tsananta a ce matar uba ce, ba ta son ta yi kyau.

Abin da ya fi damuna ma ba shekarun ba ne. Ta yaya zan sa ta yarda cewa fatarta ba ta da aibi? Na gaya mata tana da kyau, ta ce ai dole in faɗi haka. In kira mahaifiyarta in gaya mata komai, ko hakan zai ƙara ɓata tsakaninmu, ya kuma sa yarinyar ta ga na tona mata asiri? Sannan kalmar nan da na faɗa mata, ya dace babba ya nemi yafiyar yaro, ko zai sa ta raina ni?

Nan da mako uku za a yi bikin ƙanwar babanta, kuma tana cikin 'yan matan amarya. Ankonta yana kan kekena yanzu haka, saura hannu da zif. An riga an kama mai kwalliya da za ta yi wa dukkansu, kowace N5,000, kuma 'yan uwanta sa'o'inta duk za a yi musu. Jiya ta zo ta tsaya kusa da keken ta daɗe, tana wasa da bakin atamfar, daga ƙarshe ta ce, "Anti, ni ma za a yi mini?" Na ce mata sai na yi tunani. Don Allah Hajiya, a taimaka a karanta wasiƙata kafin ranar.

Wassalam.

Taki,
Wata uwa daga Anguwan Rogo, Jos