Wasiƙar godiya ga iyalan Torres, manoman inabi na Kataloniya

Zuwa ga dattijo Miguel A. Torres, da 'ya'yansa, da ɗaukacin ma'aikatan gidan Familia Torres da ke garin Vilafranca del Penedès a yankin Kataloniya na ƙasar Sifaniya.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, na zaɓi in rubuto muku wannan wasiƙa a bainar jama'a domin in sauke nauyin wata godiya da na daɗe ina ɗauke da ita. Ni malamin koyar da ilimin noma ne, kuma ya dace in faɗa tun da fari cewa ba na shan giya, saboda haka ba ni da ta cewa a kan abin da kuke ɗurawa a kwalba. Abin da ya haɗa ni da ku shi ne itacen inabin kansa, da ƙasar da yake tsaye a kanta, da yadda gida ɗaya ya riƙe su fiye da shekara 150 bai gajiyar da su ba. Duk shekarar da na iso darasin adana iri, labarin gidanku nake ɗauko wa ɗalibaina, kuma na ga rashin kyautawa ne in ci gaba da amfana da aikinku ban taɓa buɗe baki na gode muku ba.

Kakanninku sun daɗe suna noman inabi kafin shekarar 1870, lokacin da Jaime Torres ya dawo daga Kyuba da ɗan abin da ya tara, ya haɗa hannu da ɗan'uwansa Miguel suka kafa masana'antar giyar inabi. Ba su jima da farawa ba annoba ta auka wa gonakin inabin Turai. Wani ɗan ƙaramin ƙwaro ne mai suna filoksera, wanda ya shigo daga Arewacin Amurka, yana tsotsar saiwar itacen har ya bushe. Ya gama da gonakin Faransa, ya ƙetaro arewacin Kataloniya a 1879, sannan ya iso yankinku a ƙarshen shekarun 1880. Maganin da aka samo shi ne a yi wa inabin Turai aure da saiwar inabin Amurka, wadda ƙwaron ba ya iya kashewa, kuma har gobe a kan wannan dabara mafi yawan gonakin inabin duniya suke tsaye. Sai dai manomin da gonarsa ta mutu ƙurmus, idan ya zo sake dashe, irin da zai ba shi yabanya da wuri kuma ya samu kasuwa yake nema. Ta haka ne ire-iren inabi masu yawa da aka gada kaka da kakanni suka faɗi a hanya, babu wanda ya yi niyyar kashe su, an dai daina dasa su ne kawai. Daga baya kuma, a 1939, bama-baman yaƙin basasar Sifaniya suka rushe masana'antar, Miguel Torres Carbó, mahaifin dattijo Miguel A. Torres, ya sake gina ta a 1940.

Wannan tarihi ne ya sa abin da kuka fara a farkon shekarun 1980 ya fi komai taɓa ni. A lokacin duniya ta karkata ga wasu 'yan ire-iren inabin Faransa da suka yi suna, kuma gidanku ma ya dasa su ya ci ribarsu. Amma duk da haka, ranka ya daɗe, sai ka sa aka riƙa buga sanarwa a jaridun yankin, ana roƙon duk manomin da ya ga wani tsohon itacen inabi da bai san sunansa ba, a gefen gona ko bakin daji ko jikin tsohuwar katanga, ya sanar da ku. Nakan tsaya a nan in tambayi ɗalibaina wane lissafin riba ne zai sa ɗan kasuwa ya yi haka, kuma ba su taɓa samo amsa ba, domin a wancan lokaci babu ita.

Wanda bai san aikin ba zai ɗauka da an gano itacen an gama. Alhali daga nan wahalar take farawa. Sai masana sun duba ganye da 'ya'ya, a zamanin yanzu har da gwajin ƙwayoyin gado, domin a tabbatar ba sanannen iri ba ne ya sauya kama. Tsohon itace kuwa da wuya a same shi babu cuta a jikinsa, saboda haka sai a ɗebi ɗan mitsitsin tohonsa a raine shi a ɗakin gwaji har a samu tsiro mai lafiya. Bayan nan a yawaita shi, a dasa a wurare mabambanta, a jira shekara uku ko huɗu kafin ya fara 'ya'yan kirki, sannan a bi shi kaka bayan kaka ana auna zaƙinsa da tsaminsa da juriyarsa, kafin a je ga hukuma neman izinin noma shi. Iri ɗaya yakan ci fiye da shekara 10 a wannan hanya. Kun ceto ire-ire sama da 50, kuma kaɗan ne ƙwarai daga cikinsu suka nuna za su yi amfani a kasuwa, kamar garró, da querol, da moneu, da gonfaus, da pirene, da forcada. Sauran ma ba ku tumɓuke su ba, kun bar su a raye a gonar adana iri, kuma wannan a wurina ya fi nasarar waɗancan 'yan kaɗan nuna halin gidan.

Abin da babu wanda ya hango shi ne cewa aikin da aka fara don girmama gado zai zama garkuwa daga ɗumamar yanayi. Idan zafi ya yi yawa, inabi yakan nuna da wuri, zaƙi ya hau da sauri, tsami ya zube, alhali ɓawo da ƙwallon ciki ba su gama ƙosawa ba, kuma manoman yankinku sun ga lokacin tsinka yana ta matsowa gaba. Sai ga shi wasu daga cikin tsofaffin ire-iren nan suna jure zafi da ƙarancin ruwa, forcada kuma tana jinkirin nuna tana riƙe tsaminta. Farin da ya addabi Kataloniya daga 2021, har hukuma ta ayyana dokar ta-ɓaci kan ruwa a watan Fabrairun 2024, ya nuna wa kowa cewa wannan ba batun ɗakin karatu ba ne. Da kun jira sai buƙata ta taso kafin ku fara nema, da yawancin itatuwan nan sun riga sun mutu tare da tsofaffin da suka san inda suke.

Ina kuma yaba muku kan shirin Torres & Earth da kuka ƙaddamar a 2008, inda kuka ɗaukar wa kanku alkawarin rage hayaƙin kabon na kowace kwalba da kashi 30 cikin 100 kafin ƙarshen 2020, kuka cika, sannan kuka ɗaga burin zuwa kashi 60 cikin 100 nan da 2030. Wutar sola, da tukunyar da ake hurawa da rassan da aka sassabe, da rage nauyin kwalba, duk sun taimaka. Don kauce wa zafi kuma akwai gonar da kuka kafa a Tremp, a gindin tsaunukan Pirenis, a tudun da ya kai kimanin mita 950, inda sanyin dare ke rage wa inabi gaggawar nuna.

Amma a matsayina na mai koyar da noma, sauyin da kuka yi wa ƙasar kanta ya fi faranta mini rai. An daɗe ana ganin gonar inabi mai kyau ita ce wadda aka nome tas, babu ko ƙwayar ciyawa tsakanin layuka. Irin wannan ƙasa tsirara take, rana ta ƙona ta, ruwan sama ya kwashe samanta, garma kuma ta tone abin da ke raye a cikinta ta shanya. Yanzu kuna barin ciyawa da tsirrai su rufe ƙasa, kun rage huɗa, kuna sakin tumaki su yi kiwo su bar taki, domin ƙasa ta tara ruɓaɓɓen ganye da saiwa, ta iya riƙe laima. Na san hanyar tana da nata haɗari, domin a shekarar fari ciyawa takan yi gasar ruwa da itacen, kuma ana iya ganin raguwar amfani kafin ƙasa ta farfaɗo. Gidan da ke lissafi da jikoki ne kawai zai iya jure wannan jira, kuma ganin Miguel Torres Maczassek, wanda ya karɓi ragamar gudanarwa a 2012, da 'yar'uwarsa Mireia mai kula da bincike, tsara ta biyar ke nan, sun rungumi aikin da mahaifinsu ya soma, ya sa na gane daga ina haƙurin yake fitowa.

Ba ku kuma ɓoye abin da kuka koya ba. A 2019 kun haɗa kai da gidan Jackson na Kalifoniya kun kafa ƙungiyar masana'antun inabi ta duniya don tunkarar sauyin yanayi, a 2021 kuma kuna cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar noman inabi mai farfaɗo da ƙasa. Albarkacin wannan buɗaɗɗen hali ne malami irina, wanda bai taɓa yi muku ciniki ba, yake da abin koyarwa.

Roƙona gare ku guda biyu ne. Ku ci gaba da bayyana sakamakon gwaje-gwajenku, har da waɗanda ba su yi nasara ba, domin ɗalibi yakan koyi da yawa daga irin da aka raina shekara 10 sannan ya ƙi. Sannan ku isar mini da gaisuwa ta musamman ga manoman nan da suka karanta sanarwarku suka ɗauki wahalar kira, da ma'aikatan ɗakin gwaji, da masu sassabe da tsinka, da makiyayan da ke shigo da tumaki cikin gonakinku.

Naku da girmamawa,
Wani malamin ilimin noma