Habu, Play ɗin da ka aiko ta hau intanet

Tawa, daren Lahadi

Assalamu alaikum Habu, mutumina ina gajiya, ina zaman Abijan, ya aiki ya jama'a? Mu nan lahiya lau alhamdulillahi, sai zahin rana da ka sani, Inna tana gaishe ka ƙwarai, jiya ma da na je gidan sai da ta tambaye ni ko kana kira, na ce mata kana kira.

Albishirinka, Play ɗin nan, na'urar wasa ta PlayStation da ka aiko mana, ta hau intanet. Wallahi daren da abin ya kama ban iya barci da wuri ba don murna, saboda tun ran da ta iso ba abinda ke raina sai ranar da zan zauna nan Tawa kai kana can mu buga kwallo tare kamar da can da muke kwana ɗakin Play na bakin kasuwa muna jiran layi ya zo kanmu. Wata biyu muna fama da ita shi ya sa ka ji ni shiru kan maganar, ban so in ta ce maka gobe gobe.

Ka san gidanmu ba mu da wifi namu, wifi zone na unguwa muke kamawa, irin waɗanda sunka cika gari tun da Starlink, intanet ta tauraron ɗan adam, ta shigo ƙasar a 2025, ka sayi tike a ba ka kod ka shiga. To gidan mai wifi ɗin yana can ƙarshen layi, waya ma sai ka tsaya wajen taga take kamawa sosai. Play ɗin kuma tana cikin ɗaki bayan tele, bango biyu tsakani, kuma PS4 ce ta farko irin ta 2013 wadda 2.4 GHz kaɗai take ji, ba kamar Slim da Pro na 2016 ba da ke kama 5 GHz. Tana ganin sunan rezo ɗin, sanda ɗaya, ka ce ta shiga ta yi ta juyawa ta ce ta kasa. Ga kuma tike ɗin na'ura guda yake ɗauka, in na sa kod a kwamfuta shi ke nan ya zauna nan.

Ƙanenka Sale ne ya kawo shawarar, Allah shi mishi albarka, ya ce yaya tunda kwamfutarka portabul na kama rezo da ƙarfi in an aza ta bisa taga, mi zai hana ita ta karɓo intanet ɗin ta iska ta miƙa ma Play ta waya. Na tahi kasuwa na sawo kabul na rezo mita 10, irin mai kan roba mai ɗan ƙugiya da ke yin ƙas in ya shiga. Mai shagon ya so ya ruɗa ni da zancen wai sai kabul kurwaze mai wayoyin ciki a giciye, to wannan zancen na'urorin da ne, na yanzu suna gane kabul ɗin da kansu, kowanne ka samu yana yi. Munka ja shi daga taga ta ƙarƙashin tabarma har bayan tele, kai ɗaya cikin kwamfuta ɗaya bayan Play.

Bari in rubuta maka yadda munka yi dalla-dalla don na san abokinka na Ƙonni da ka ce yana da wannan matsalar zai buƙata, ka tura mishi. A kwamfutar, Windows 10 ce tawa ta Faransanci, ka danna maɓallin Windows da R tare, ka rubuta ncpa.cpl ka buga, sai katunan rezo su fito, akwai Wi-Fi akwai Ethernet. Kan Wi-Fi za ka danna dama, ba kan Ethernet ba, nan ne munka yi kuskure har kwana biyu muna raba abinda babu. Ka shiga Propriétés, ka je Partage, ka sa alama a ɗan akwatin farko mai cewa a bar wasu su shiga ta intanet ɗin wannan kwamfutar, in ya tambaye ka wa za a ba ka zaɓi Ethernet. Da ka yi haka Windows da kanta take ba bakin Ethernet ɗin lamba 192.168.137.1, kwamfutar ta koma kamar ƙaramin ruta ke nan, ita ke raba ma Play tata lambar.

A Play kuma Paramètres, Réseau, ka ce za ka yi aiki da kabul LAN, ka zaɓi Facile. Mu dai Facile bai yi mana ba a karon farko, ta ce ba ta samu adireshin IP ba, sai Sale ya koma Personnalisé ya sa da hannu, IP 192.168.137.2, mask 255.255.255.0, paserel 192.168.137.1, DNS kuma 8.8.8.8 na Google, sauran duk ya bar su yadda suke. Habu da ya danna gwaji muna tsugune gaban tele mu uku har da ƙaramin nan Nura riƙe da manet ɗin wasa, shayi yana ta tahasa bisa gawayi ba wanda ya kula har ya zube, layi na farko ya ce réussi, wato ya yi, na biyu ya ce réussi, Nura ya yi tsalle ya ruga tsakar gida yana kiran ya kama ya kama. Har na ji ƙwalla, don kai na tuna.

Akwai abubuwan da sunka ba mu wahala bayan nan. In ka ruhe murhin portabul ta yi barci intanet ɗin Play ya yanke nan take, sai da na shiga wajen saitin batir na ce in an ruhe kar ta yi komi. Sannan wani lokaci in an kashe kwamfutar an kunna sai rabon ya tsaya alhali alamar tana nan, maganinsa ka cire alamar ka ce OK ka koma ka maida ta, shi ke nan ya dawo. In an ɗauke wuta kuwa kwamfuta na da batir amma Play da tele mutuwa suke, wannan ba dabara sai haƙuri.

Mai wifi ɗin ma na je na same shi na gaya mishi gaskiya cewa Play nake ɗorawa bisa tike na, don ban son in ci haƙƙin mutum a ɓoye, wasa yana jan rezo musamman in ana saukar da mizajur, wato sabuntawar wasa, mai jiga da yawa. Ya ji daɗi da na faɗa mishi, munka shirya in riƙa sayen tike na wata, manyan saukarwa kuma in bari sai tsakar dare in mutane sun kwanta. Na kashe saukarwa ta kai-tsaye a Play ɗin saboda haka.

Abu ɗaya ya rage da ke damuna, wajen gwajin ta nuna NAT type 3, wato haɗin da ya fi ƙunci cikin iri uku. Dalili intanet ɗin yana bi ta hannu da yawa kahin ya iso, na'urar mai wifi, rutansa, kwamfutata, sannan Play, kuma type 3 yakan hana a haɗu da wasu 'yan wasa ko a ji muryar juna. Don Allah ka duba taka can ka gaya mini, in taka 2 ce ina sa ran za mu haɗu, in duk mu biyu 3 ne to sai mun sake dabara. Na riga na sauke wasan kwallo na eFootball tunda kyauta ne kuma ba ya neman PS Plus, rajistar kuɗi ta wasa a intanet, kwana biyu ya ɗauka yana sauka.

Ku can kuna bayanmu da awa ɗaya, to in ka tashi aiki ran Asabar ƙarfe 9 na dare naku, 10 ke nan namu, zan kunna in jira ka. Ka turo mini sunan da kake shiga da shi ta WhatsApp in aiko maka gayyata. Sale ya ce in gaya maka shi zai fara karawa da kai kahin ni, na ce a'a wasan farko nawa ne.

Ka gaida mutanen gidanku da duk 'yan Tawa da ke nan tare da kai. Allah shi tsare, shi bada sa'a.

Naka,
Issa