Wasiƙa ga 'yata mai shirin digiri na uku a kan labaran ƙarya

Assalamu alaikum 'yata,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya. Na karanta daftarin bincikenki a kan labaran ƙarya da rabuwar kawunan siyasa a kafafen sada zumunta, na kuma sa miki albarka. Abu ɗaya ya tsaya mini a rai: duk bayanan da kike son yin aiki da su, kamfani kike jira ya ba ki.

Zanen aro ba ya rufe katara. A 2023 Twitter (wanda yanzu ake kira X) ya rufe ƙofar da masu bincike ke kwasar bayanai kyauta, a Agustan 2024 kuma Meta, kamfanin da ya mallaki Facebook, ya kashe CrowdTangle, manhajar da ake bin sawun rubuce-rubucen Facebook da ita. Ki fara tara naki rumbun tun yau. Kowane saƙo ki ɗauki hotonsa, ki rubuta mahaɗinsa da rana da sa'a da inda kika same shi, ki ajiye kwafi biyu a wurare daban, domin mai ƙarya yana goge ta da zarar an gano shi.

Kuma mutanenmu ba a Twitter suka taru ba. Sojojin baka a WhatsApp suke aiki, yawanci da saƙon murya, kuma babu manhajar da za ta kwaso miki shi tunda a kulle yake tsakanin mai aikawa da mai karɓa. Sai kin sami mutanen da suka amince a rubuce su riƙa turo miki abin da ke shigowa zaurukansu, bayan kwamitin ɗa'ar bincike na jami'a ya sa hannu. Ki cire sunaye da lambobin waya kafin ki adana, dokar Najeriya ta kare bayanan jama'a ta 2023 ta hau kanki. Muryar kuwa sai an rubuta ta kalma bayan kalma, minti goma na iya cin awa guda. Kwamfuta ba ta gane habaici da zambo, kada ki bar mata hukunci.

Wajen rarrabe saƙonni, ki ba mutum biyu kashi 10 cikin 100, kowa ya yi musu alama shi kaɗai, zai fi kyau in ba jam'iyyarsu ɗaya ba. Ki auna daidaituwarsu da ma'aunin Krippendorff. In bai kai 0.8 ba (1 shi ne cikakken daidaito), abin da kike kira ƙarya ne bai fito fili a ƙa'idarki ba, ki gyara su sake.

Kada ki shiga da amsa a aljihu. A wani bincike da aka buga a 2018, masani Chris Bail da abokan aikinsa sun biya Amurkawa suka bi wani shafin Twitter mai turo musu ra'ayin ɗaya ɓangaren na wata guda, sai 'yan jam'iyyar Republican suka ƙara kafewa a kan nasu. A 2023 aka buga sakamakon sauya wa wasu tsarin jera saƙonnin Facebook na wata uku lokacin zaɓen Amurka na 2020, ba a ga rabuwar kan ta ragu ba. Wanda ya ga saƙo daban, wanda ya yarda da shi daban, wanda ya tura shi daban, ki auna kowanne da tambayarsa. Kuma tambayoyin masu binciken Amurka an gina su ne a kan jam'iyyu biyu. A nan addini da ƙabila da yanki sun shiga ciki, sai kin rubuta naki kin gwada su a kan mutum talatin kafin ki fita fili.

Za a zage ki, daga kowane ɓangare. Cibiyar binciken intanet ta jami'ar Stanford ma ta sha ƙararraki da binciken majalisar Amurka har ta durƙushe a 2024. Don haka ki raba layin wayar aiki da na gida, kada ki yi kamfen a shafinki, kada ki karɓi kuɗin bincike daga ɗan takara. Mujallar da ta ce ki biya ta buga miki cikin mako biyu, ki guje ta, tantancewar gaske tana cin watanni.

Ki gyara babin hanyar tattara bayanai kafin ki kai wa malaminki, ki turo mini in sake dubawa. Mamanki tana gaishe ki. Allah ya yi miki albarka.

Mahaifinki