Wasiƙa Zuwa Ga Ɗana Da Ke Jos

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya. Saƙonka ya iso, Allah ya yi albarka. Ƙafar Innarka ta yi sauƙi, har ta je Hubbare da kanta ranar Juma'a.

Jiya ƙanwarka ta kunna mini muryarka a wayarta, minti tara cur kana ja-in-ja da abokin ɗakinka a zauren WhatsApp na 'yan hidimar ƙasa, kan ko an ambaci Manzon Allah (SAW) a Attaura da Linjila. Wani ne ya turo mata, shi ma wani ya tura masa. Ban runtsa ba.

Kada ka ɗauka tsohonka bai san zancen ba. Tun ba a haife ka ba muke taruwa a shagon Baffanka muna kallon kaset ɗin Ahmed Deedat har ya tsinke. Na san ayar Kubawar Shari'a 18:18 ta cikin Attaura, inda aka ce wa Annabi Musa za a tayar da annabi kamarsa daga cikin 'yan'uwansu. Mu mun ce 'yan'uwan Bani Isra'ila su ne zuriyar Isma'ila, kuma wa ya yi kama da Musa kamar wanda yake da uwa da uba, ya yi aure, ya yi hijira, ya zo da shari'a, ya shugabanci jama'a? Hujja ce mai kyau. Amma ka san Kirista zai buɗe maka Ayyukan Manzanni sura ta 3, inda Bitrus ya ɗora ayar kan Annabi Isa, Bayahude kuma ya ce 'yan'uwan nan Bani Isra'ila ne da kansu? Kowa da amsarsa a aljihu tun kafin a haifi kakanka.

Na ji ka da ƙarfin hali kan Mai Taimako da Annabi Isa ya yi alkawarin zuwansa a Linjilar Yohanna, wai asalin kalmar periklutos ce, abin yabo, wato Ahmad. To, tsofaffin rubuce-rubucen Girkanci parakletos suka ce, wato mai taimako, kuma a 14:26 an kira shi Ruhu Mai Tsarki ƙarara. Ta Waƙar Sulemanu kuwa, mahamaddim, kalmar Ibrananci mai kama da sunan Muhammad, da ka bar ta inda take. Baiti ne na soyayya, amarya tana yabon ango. In dole ne sai ka kawo wani abu, Ishaya sura ta 42 da ta ambaci Kedar ɗan Isma'ila ta fi nauyi a ganina. Kuma da yaron ya ce maka yaya za ka kira littafi gurɓatacce sannan ka kafa hujja da shi, sai ka ɗaga murya. Na ji kunya a wurin nan.

Mu yaƙininmu daga Alƙur'ani yake. Suratul A'araf aya ta 157 ta ce suna samun sa rubuce a wurinsu cikin Attaura da Linjila, Suratus Saffi aya ta 6 ta kawo busharar Isa da Manzo mai suna Ahmad. Abdullahi ɗan Salam malamin Yahudawa ne a Madina, ya gan shi ya gane shi. Wannan ya ishe ni, ya kamata ya ishe ka.

Duk wannan ba shi ya hana ni barci ba. Kana nan Sakkwato a watan Mayun 2022, lokacin da aka kashe ɗalibar nan bisa zargin ɓatanci ga Manzon Allah. Ka san daga ina wutar ta tashi: saƙon murya a zauren ɗalibai. Ka ga dokar hana fita ta awa 24, ka ga hayaƙin taya, kai da kanka ka taya ni rufe shago muna gudu. Yanzu kai ne kake zungurar ɗan mutane da dare, kana matsa masa, kana dariya, ana naɗa. Ranar da ransa ya ɓaci harshensa ya zame kan Fiyayyen Halitta fa? Kana iya janye saƙon da ya kai Sakkwato cikin kwana ɗaya? Kuma a Jos, garin da ya sha zubar da jini tun 2001! In aka taɓa yaron nan me za ka ce wa uwarsa, me za ka ce wa Allah? In abin ya juyo kanka, wa kake da shi can? Ko Ajurumiya, ɗan littafin masu fara nahawun Larabci, ba ka sauke ba, ka zama mai muƙabala. Ban tura ka ka ci kowa da baki ba, shekara ɗaya ce, ka yi ka dawo.

Za ka ce ni na cusa maka son abin. Gaskiya ne. Sai dai mu a shago muke yi, a tashi a sha shayi, maganar ta mutu nan. Shekara ashirin ina ciniki da maƙwabcina Inyamuri, ya san abin da na yi imani da shi, na san nasa, da shi aka ɗauke ka zuwa asibiti daren nan da ka sani.

Ban hana ka karatu ba. In ka zo Sallah zan kai ka wurin Malam ku zauna, ya fara maka da ayar Ankabut ta 46, wadda ta hana jayayya da Ma'abota Littafi sai ta hanya mafi kyau. Kafin nan ka goge saƙonnin, ka fita daga zauren, ka ba abokinka haƙuri kan dariyar. Na ji shi ya yi jinyarka da ka yi zazzaɓi; Innarka ta ɗaure masa kilishi, direban zai kira ka ranar Talata.

Ka sa rigar sanyi. Ka kira ni da zarar ka karanta.

Mahaifinka,
Mabera, Sakkwato